Furosesar da Ta Zo a Motar Albasa

Kwamfutar ta riga ni zuwa makarantar. Sa'ad da aka turo ni koyar da lissafi a wata sakandaren gwamnati a Jega, jiharmu tana shekarunta na fari, kayan gwamnati kuwa ko dai sabo fil ne ko kuma ragowar abin da wasu suka gaji da shi. Ita kwamfutar cikin ragowa take. Wani ofishi a Birnin Kebbi ya sami sababbi, aka rarraba tsofaffin ga makarantu, tamu ta faɗo sito tsakanin karyayyun bencina da kwalayen alli. Fara ce da ta koma ruwan ƙasa, akwatinta a kwance, talabijin ɗinta mai ƙatuwar ƙeya. Ba wanda ya taɓa kunna ta, domin ba wanda yake so a ce a hannunsa ta lalace.

Malamin kimiyya ne ya fito da ita. Kirista ne, mutumin Filato, an ɗauke shi aikin kwantiragi lokacin da jihar take neman malamai ko daga ina. Duk Jega Ticha ake ce masa, har mahauta a kasuwa, kamar mu sauran ba koyarwa muke yi ba. Dogo ne siriri, mai yawan shiru, yana haya da matarsa da 'ya'yansu a bayan tasha. Teburina yana jikin nasa a ɗakin malamai, kuma ni ba na dariya in ya ce wa mace "ya zo", irin Hausarsu ta can. Daga nan abota ta ƙullu.

Shi ya je ya roƙi shugaban makaranta a ba shi ita. Shugaban ɗan gari ne, mutum mai son a gan shi, babbar rigarsa kullum a cikin sitati. Ya ce a ɗauka, tunda wuri kawai take tarewa. Ticha ya kai ta ɗakin gwaje-gwaje, ya goge ta, ya jona ta da sitabilaizar gidansa saboda wutar garinmu mai hawa da sauka. Ta tashi. Da nawa take tashi kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa, amma tana tashi. Ya fara shigo da 'yan aji na ƙarshe kashi-kashi, kowa ya buga sunansa ya gan shi a gilashi.

Sai ƙanensa da ke jami'a ya aiko masa da na'urar karanta faifai, da wani faifai mai nuna cikin jikin ɗan Adam. Abin da Ticha ya fi ɗoki a kai shi ne zuciya. Ya yi shekaru yana zana ta da alli, yana sayen ta rago wajen wani mahauci yana yankawa a gaban aji, amma bai taɓa iya nuna musu ita tana aiki ba. Muka sa faifan. Zuciyar ta fito ja wur, ta buga sau ɗaya, ta tsaya cak. Can an jima ta yi wani tsalle, ta sake tsayawa. Wata ɗaliba daga baya ta ce a yi wa mai ita salla, ya cika. Aji ya fashe da dariya, har shi Tichan ya yi murmushi.

"Malam, ba laifin faifan ba ne," in ji shi bayan an tashi. "Ƙwaƙwalwar ce ta yi mata kaɗan. Sai na ga cikinta kafin in san ko za ta karɓi wata."

A bayan akwatin akwai wata takarda mai hatimi da aka manna a kan bakin murfin. Saboda ita muka tafi ofishin shugaba mu biyu. Muka same shi yana karanta jarida. Ticha ya yi masa bayani dalla-dalla: za a buɗe, za a duba, in ya yiwu a canza abu guda a ciki, kuma ba za a nemi komai daga makaranta ba.

"Ku yi abin da kunka ga ya dace," in ji shugaban, bai ma sauke jaridar ba. "Ni ban san kan waɗanga abubuwa ba."

Ranar na fara ganin cikin kwamfuta. Wani faffaɗan allo ne kore shimfiɗe a ƙasan akwatin, an zana masa hanyoyi sirara kamar gari in ka hango shi daga kan dutse. Ticha ya ce sunansa madabod, duk sauran kayan a jikinsa suke rataye. A gefe guda ga wani farin gurbi mai ɗan hannu a jiki, a cikinsa wani abu mai kusurwa huɗu da bai kai tafin hannu ba. Shi ne furosesa, ƙwaƙwalwar da yake magana. Littafin allon ya ɓace tun a ofishin da ya fito, amma masu ƙera shi sun rubuta bayani a jikinsa da wani farin rubutu ƙanana ƙwarai. Muka ɗauko gilashin ƙara girma na ɗakin gwaje-gwaje, ina riƙe da tocila yana karantawa yana kwafewa. Da ya gama ya miƙe yana dafe ƙugu.

"Za ta karɓa," ya ce. "Ba sabuwar yayi ba, wannan ta wuce ta. Amma akwai wadda ta fi wannan gudu nesa ba kusa ba, kuma gurbinsu ɗaya. Matsalar ita ce ba ta cin wuta irin ta tsohuwar, kuma tana da zafi. Dole a gyara jamfa, a sa mata fanka."

Na ce wace irin jamfa kuma, ta sawa? Ya nuna mini wasu 'yan baƙaƙen robobi kamar ƙwayar wake da aka cusa a kan allurai jere-jere. Inda ka cusa su shi yake gaya wa allon yawan wutar da zai ba furosesa da irin gudun da za ta yi. In ka yi kuskuren ta gudu, ba za ta tashi ba. In ka yi kuskuren ta wuta, ta ƙone.

Ba a sayar da irin wannan a Jega, ba a Birnin Kebbi ba, mun tambaya har Sakkwato ba a dace ba. Sai na tuna da kawuna, wan mahaifiyata, direban babbar mota ne da ke ɗaukar albasa daga Aliero zuwa Ikko. Ticha ya rubuta irin wadda yake so, muka haɗa kuɗin da za mu iya, na kai wa Kawu. Ya ce yana da wani abokin ciniki can da ɗansa ya san kasuwar irin waɗannan kaya.

Da labarin dawowarsa ya iso, muka hau babur ɗina zuwa Aliero. Lokacin kakar albasa ne, buhuna jibge har bakin titi, warinta yana shiga ido. Muka sami Kawu a inuwar motarsa yana cin tuwo. Ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro kwalin sabulu ya miƙo mini.

"Wanga ɗan abu na kunka aike ni har Ikko?" ya ce. "Ni na ɗauka inji na, har na bar mai wuri bayan mota."

Ticha ya durƙusa ya gaishe shi, ya buɗe kwalin a hankali. Furosesar tana ciki naɗe da tsumma, da 'yar fankarta da ƙarfen sanyaya ta. Da ya juya ta sai na ga fuskarsa ta canza. Ƙasanta cike yake da ƙafafu sirara masu ruwan zinariya, kuma na kusurwa guda sun kwanta, ga alama sitiyari ya danne aljihun a wani rami na hanya. Ya dai yi wa Kawu godiya. Kawu ya ɗora mana ƙullin albasa a kan babur, ya ce a kai wa matar Ticha.

Ranar Asabar da hantsi muka shiga ɗakin gwaje-gwaje. Ya zo da allurar ɗinkin matarsa da bututun biro da ya zare wa tawada. Ya sa ni na taɓa ƙarfen taga kafin in taɓa komai, wai jikin mutum yana tara wata wuta da kan kashe irin waɗannan kaya. Ya zauna yana tayar da ƙafafun nan ɗaya bayan ɗaya, yana zura bututun a kan kowace yana miƙar da ita kaɗan-kaɗan. Ya ce in ɗaya ta karye, an gama. Ni dai ina riƙe masa gilashin ƙara girma. Har aka kira azahar bai gama ba. Na je na yi salla na dawo na tarar ya jingina da bango, idanunsa sun yi ja, furosesar tana kan tebur ƙafafunta a tsaye reras.

Ya ɗaga ɗan hannun gurbin, tsohuwar ta saki, ya ciro ta ya naɗe a auduga ya sa a aljihun tebur ya kulle. Ya nuna mini yadda kusurwa ɗaya ta sabuwar take a yanke, da yadda gurbin ma yake da alama, don kada a sa ta a juye. Ya ɗora ta, ta faɗa da kanta ba tare da an danna ba. Ya mayar da hannun, ya shafa mata wani farin mai kamar man goge baki, ya ɗaure ƙarfen sanyaya da fankar a kai. Sannan ya koma kan jamfa. Ta wuta ya duba ya sake dubawa, ya sa ni ma na karanta masa da babbar murya.

Na yi bisimilla, shi ya sunkuyar da kai ya yi tasa addu'ar, ya danna makunni. Fanka ta juya. Gilashi baƙi ƙirin. Muka jira, ba abin da ya fito. Ya kashe da sauri ya kai hanci yana shinshina allon. Babu ƙauri. Ya sake ɗaukar gilashin ƙara girma, can sai ya yi 'yar dariya: jeren allurai na gudu daga hagu muka ƙirga, alhali daga dama aka fara lambarsu. Ya ciro robar da hantsaki ya matsar da ita. Da ya sake kunnawa ta yi ɗan ƙara, rubutu ya gudano.

Ran Litinin zuciyar ta buga. Tana matsewa tana saki ba tsayawa, jini yana shiga ta nan yana fita ta can, 'yan ƙofofinta suna buɗewa suna rufewa. Ajin da ya yi dariya ya yi tsit. Na ga ɗalibai suna dafa ƙirjinsu ba su ma sani ba. Labari ya fita gari, har mahaucin da ke sayar wa Ticha zuciyar rago ya wanke hannu ya zo, ya daɗe a tsaye yana kallo, ya ce shekara da shekaru yana riƙe ta a hannu bai taɓa ganin ta da rai ba. Wannan zangon karatu shi ne mafi daɗi da na yi a aikin koyarwa.

Wajen ƙarshen zangon manya daga ma'aikatar ilimi suka zo rangadi. Shugaba ya kawo su ɗakin gwaje-gwaje da kansa, ya tsaya a gaban kwamfutar ya yi jawabi a kan yadda ya ga dacewar makarantarsa ta shiga zamani. Ticha yana tsugune a gefe yana danna abin da za a danna. Ba a ambace shi ba. Na ji haushi, shi kuwa ya ce mini ba komai, tunda yara suna gani.

Bayan tafiyarsu shugaba ya ce kaya mai daraja irin wannan bai kamata ya zauna inda yara ke shige da fice ba. Aka mayar da ita ofishinsa. Ya sa kafinta ya ƙera mata kabad na katako mai ƙofa da kwaɗo, akwatin yana ciki a rufe ruf, talabijin ɗin a sama an shimfiɗa masa ƙyalle mai ado. Sitabilaiza kuwa ya ce a mayar wa mai ita, ba ya son kayan aro a ofishinsa. In ya yi baƙi sai magatakardansa ya kunna musu zuciya su kalla, a bar ta a kunne har a tashi.

Ticha ya je ya same shi, ina biye.

"Ranka ya daɗe, ina roƙon a riƙa barin ƙofar kabad ɗin a buɗe in tana aiki. Ko a huda bayansa. Sabuwar furosesar tana son iska, ga bazara ta shigo."

"Yanzu kai za ka koya man yadda zan aje kaya cikin ofis ɗina?" in ji shugaban. "Ka koma aji."

Zafin Jega na bazara ba sai an ba da labari ba, ƙarfen ƙofa ma ba ya taɓuwa da rana tsaka. Ba a daɗe ba wata ranar Laraba magatakarda ya leƙo ɗakin malamai ya ce ana jin ƙauri a ofis. Kafin a nemo makullin kabad gilashi ya riga ya yi baƙi.

Na ɗauka faɗa za a yi a wuce. Sai ga kwamitin bincike daga ma'aikata. Aka tara mu a ofis, aka fito da akwatin aka juya bayansa, shugaban kwamitin ya ɗora yatsa a kan takardar hatimin da ta yage. Ya tambayi wanda ya buɗe kayan gwamnati. Ticha ya ce shi ne, da izinin shugaban makaranta.

"Na ce su yi amfani da ita," in ji shugabanmu, yana kallon silin. "Ban ce su buɗe cikinta ba."

Na miƙe. Na ce, "Ranka shi daɗe, ina tsaye anka ba da izinin. Kuma tare munka yi aikin, ni da shi. Kawuna ma na yak kawo furosesar daga Ikko. Abin da yak kashe ta zahi na, an rufe ta cikin katako."

Shugaban kwamitin ya dube ni sama da ƙasa ya tambaye ni ɗan wane gida ne. Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya ce ya san mahaifina.

"To zamna, ɗana. Ba kai anka kawo ƙara ba."

Na ce a rubuta abin da na faɗa. Ya ce za a rubuta. Mai rubutun bai ko ɗaga biro ba.

Suka tambayi inda kayan asali yake. Ticha ya je ya ɗauko tsohuwar furosesar a cikin audugarta. Wani daga cikinsu ya ce to ga shi nan, an cire na gwamnati mai kyau an ɓoye a aljihun tebur, an sa na jabu daga kasuwa. Ticha bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mai yiwuwa allon bai mutu ba. A ba ni izini in mayar da tsohuwar yanzu a gabanku, in gyara jamfa. In ta tashi, gwamnati ba ta yi asarar komai ba. Abin da ya ƙone namu ne."

Aikin da ba zai kai tsawon shan shayi ba ne. Aka ce kada ya sake taɓa ta. Suka sa tsohuwar furosesar a ambulan a matsayin shaida suka tafi da ita, akwatin kuma aka mayar sito. Har yau ba wanda ya san ko allon nan yana da rai, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Ba gyara suka zo nema ba. Sun zo neman wanda za a ɗora wa, sun kuma same shi tun kafin su baro Birnin Kebbi.

Aka yi wa Ticha canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar makaranta wajen Kuberi, cikin ƙasar Maiyama, inda ko turken lantarki babu. Ni ko takardar gargaɗi ban samu ba. Na je ma'aikata da ƙafata, aka ce mai maganar ya yi tafiya. Na koma, aka ba ni shawara in kama kaina tunda ina da iyali. A ɗakin malamai waɗanda suka yi ta kawo 'yan'uwansu kallon zuciya suka koma cewa dama shisshiginsa ya yi yawa.

Matarsa da yara suka zauna Jega saboda makarantar yaran, shi yana zuwa ƙarshen mako in ya sami mota. Da damina ta sauka na hau babur na kai masa ziyara. Na same shi a aji mai rabin rufi, ya zana zuciya a bango da gawayi saboda alli ya ƙare, yara suna zaune a ƙasa. Ya rame. Muka zauna a gindin wata bishiya, ya sayo mana fura. Na fara zagin shugaba da kwamiti, ya bar ni har na gaji.

"Malam, ba ƙonewar ce take damuna ba," ya ce. "Kaya yana ƙonewa. Ɓarawo suka ce da ni, a gaban mutanen da na koyar da 'ya'yansu. Ɗiyata ta dawo daga makaranta tana tambayata me na sata."

Na ce masa Allah yana gani. Ya ce ya sani.

Da shekara ta zagayo ba a sabunta kwantiraginsa ba. Na raka su tashar Jega da safe, aka ɗaure katifunsu da tukwane a saman mota. Mahaucin nan ya zo da ƙullin kilishi ya ba yaran. Daga makaranta ni kaɗai na je. Mun yi musayar wasiƙu na ɗan lokaci, na ji ya sami koyarwa a wata makarantar mishan can wajensu, daga baya wasiƙun suka yanke.

Shugaban makarantar kuwa an ƙara masa girma, ya koma ma'aikata, ya yi ritaya lafiya. Yana nan da ransa, ya tsufa, ana taro da shi. Kwanakin baya mun haɗu a wajen wani ɗaurin aure a Alelu, yana zaune a kan darduma matasa sun kewaye shi, yana ba su labarin yadda ya fara kawo kwamfuta makarantar Jega tun ba wanda ya san ta. Da ya hango ni ya yafito ni, ya ce ga shaida nan, a tambaye ni. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi kamar yadda aka saba gaida manya, na tambayi lafiyar iyali. Ya ce in gaya musu mana. Na ce ina sauri, akwai inda za ni. Na tashi na nemi babur ɗina, ban tsaya cin abinci ba.